Juma'ar da za ta yi kyau: hikima ce ko camfin sabuwar shekara?

Ɗalibi daga Runjin Sambo:
Assalamu alaikum, iyayena da malamaina. A daren da fadar Sarkin Musulmi ta sanar da ganin watan Muharram, kakata ta hana kowa faɗa a gida, ta ce wanda ya shiga shekara da ɓacin rai da shi zai fita, sannan ta ɗora da cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ina roƙon a warware mini: shin karin maganar tana nufin ranar farko ce ke yanke wa sauran kwanakin shekara hukunci, ko kuwa an aza mata kayan da ba nata ba ne?

Malamar makaranta daga Mabera:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Inna ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba, domin al'ummomi da yawa sun ɗauka cewa bakin shekara yana nuna cikinta. Sinawa, waɗanda shekararsu ke kamawa tsakanin 21 ga Janairu da 20 ga Fabrairu, suna share gida tas kafin ranar, amma idan ta zo ba a taɓa tsintsiya, don kada a share arziki a zubar. A Sifaniya ana cin ƙwayar inabi 12 da ƙarfe 12 na dare, kowace ƙwaya a madadin wata guda. A jihohin kudancin ƙasar Amurka kuwa wake suke dafawa ranar 1 ga Janairu don neman wadata, irin waken nan namu mai baƙin hanci, wanda ya ƙetara teku daga Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. A ganina da waɗannan mutane sun ji karin maganarmu, da sun ce tasu ce.

Dattijo daga Kanwuri:
Malama, Allah shi yi miki albarka, amma ba sai mun tafi Sin ba. Mu da muka tashi a garin nan na Sakkwato ba mu san Muharram da wani suna ba sai watan cika-ciki. Tun ranar Layya ake ware wutsiyar rago a kyafe ta a ajiye, wata guda cur, sai daren Ashura a jefa ta cikin miya, a tuƙa tuwo mai yawa, a kai wa maƙwabta da almajirai. Ana gaya mana muna yara cewa wanda bai ƙoshi a wannan dare ba, ba zai ƙoshi ba har shekara ta zagayo. A watan ne kuma taubasai ke bin juna kuɗin shara. Sai dai ban taɓa jin iyayenmu sun kawo zancen Laraba da Juma'a a kan wannan ba. Inda nake jin sa shi ne idan yaro ya tashi da ladabi, ko amarya ta fara zama da kyau a gidan miji, ko an ga sabon hakimi ya soma da sauraren talakawa.

Malamin zaure daga Gidan Igwai:
Baba, ranka shi daɗe, ka taɓo inda maganar take. Ku dubi kalmar da aka zaɓa: cewa aka yi "ake gane ta", ba a ce Laraba ce ke gyara Juma'a ba. Mai son fita masallacin Shehu fes ranar Juma'a, tun Laraba za a ga ya wanke rigarsa ya kai wa mabugi, matan gida sun yi kitso, an tanadi cefane. Wanda ya ga haka ya ce Juma'a za ta yi kyau bai yi duba ba, sababi ya gani ya faɗi abin da yake haifarwa. Camfi kuwa shi ne a ƙulla abu biyu da babu igiya tsakaninsu, kamar ƙwayar inabi da arzikin watan Maris. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kore camfi, amma ya so kyakkyawan fata, ya kuma fassara shi da kalma mai daɗi. Ita kanta shekarar Hijira ba domin sa'ar wata rana aka kafa ta ba. Sayyidina Umar ne ya tsara ta don a san kwanan watan takardu, aka fara ƙirga daga hijirar shekarar 622. Abin da ya inganta a watan shi ne azumin Ashura, wanda ake fatan ya kankare zunubin shekarar da ta gabata.

Malamar makaranta daga Mabera:
Allah shi gafarta Malam, na karɓi bambancin, amma ina da sauran ja. Ita Larabar ma ba ta tsira daga camfi a wurinmu ba, tunda muna da Larabgana, Larabar ƙarshen watan Safar, wadda ake cewa masifu na sauka a cikinta har ana shan rubutu. Mutanen Iran ma a jajibirin Larabar ƙarshe kafin Nairuz, sabuwar shekararsu ta kusan 21 ga Maris, tsallake wuta suke yi don barin cuta a baya. Kuma ba duk al'ada ce maras igiya ba. Gidan da aka cika shi da tuwo aka aika wa maƙwabci, aka biya taubashi shara ana dariya, ai zumuncin da aka ɗaura ranar yana iya kai mutane ƙarshen shekara. A nan Inna tana da gaskiya ko da Malam bai yarda da lafazinta ba.

Manomi daga Kwalkwalawa:
Ni dai shekarata ba ta kamawa a Muharram ko Janairu, domin watan Hijira yana matsowa da kwana 11 kowace shekara, yau ya faɗo a damina, gaba ya faɗo a bazara. Ruwan shuka shi ne bakin shekarar manomi, kuma mu ne muka fi kowa amfani da wannan karin magana. Idan na ga maƙwabcina ya kai taki gona tun rani, ya yi sharar gona, ya ware irin gero mai kyau, nakan faɗe ta ba tare da shakka ba. Amma na sha ganin shuka ta fito kore shar, sannan ruwa ya ɗauke mako uku a tsakiyar damina, ta ƙone muna kallo. Shi ya sa duk lokacin da na faɗe ta nake bin ta da in Allah ya yarda.

Ɗalibi daga Runjin Sambo:
Na gode, iyayena. Na karanta wa Inna bayanin Malam da yammacin nan, ta saurara har ƙarshe, ta ce ita ba ta ce rana na da iko ba, so take jikokinta su kwana ba mai riƙe da wani a zuci. Wutsiyar ragonmu tana nan rataye a ɗakinta, ta kuma ce in tambayi Baba na Kanwuri ko a gidansu daren tara ake dafa ta ko daren goma.