Son maso wani ƙoshin wahala: to Helena fa?

Hauwa'u Zariya:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni a kan "son maso wani ƙoshin wahala". A wasan kwaikwayon Shakespeare mai suna A Midsummer Night's Dream, wanda aka fara bugawa a 1600, akwai wata budurwa Helena da ta mato a kan Demetrius. Shi hankalinsa na kan Hermia, ita Hermia kuwa Lysander take so. Helena ta bi shi har dokar daji cikin dare, yana korar ta tana naci. Amma a ƙarshe shi ɗin ta aura. Ashe wasan bai ƙaryata karin maganar ba kuwa?

Malam Ɗanladi:
Wa alaikumus salam. Malama Hauwa'u, Bahaushe bai ce ba za a samu ba, cewa ya yi za a ƙoshi da wahala. Ta kuwa ƙoshi. Yarinyar da ta ce wa saurayi ya ɗauke ta tamkar karensa, ya doke ta ya yi banza da ita, in dai zai bar ta ta bi shi, wace wahala ce ta rage? Abin da ya fi ba ni takaici shi ne cin amanar. Dokar birnin Atina ta ba Egeus iko a kan 'yarsa Hermia: ko ta auri zaɓinsa, wato Demetrius, ko a kashe ta, sai sarki Theseus ya ƙara mata zaɓi na uku, ta ƙare rayuwarta a gidan ibada ba aure. Hermia ta faɗa wa Helena, aminiyarta tun ƙuruciya, cewa ita da Lysander za su gudu daga birnin ta cikin daji. Helena ta kwashe sirrin kaf ta kai wa Demetrius, don kawai ya ce mata na gode.

Bashir Kofar Mata:
Ku tsaya, ta yaya ma ta same shi? Oberon sarkin aljanu ne ya sa yaronsa Puck ya samo wani fure da ake ɗiga ruwansa a idon mai barci, duk wanda ya fara gani da ya farka shi zai so. Puck ya yi kuskure ya ɗiga wa Lysander, daga baya aka ɗiga wa Demetrius. An warware na Lysander, na Demetrius kuwa har aka tashi daga wasan ba a warware ba. A wajenmu sunan wannan asiri. Wa zai kafa hujja da auren asiri?

Hauwa'u Zariya:
Haba Yaya Bashir, ai ba ita ta je wajen boka ba. Ba ta ma san an yi ba. Da samarin biyu suka juyo kanta, ɗauka ta yi ba'a suke mata.

Anti Rabi:
Duk kun tsallake abu guda. Demetrius shi ya fara neman Helena, har da alkawari, kafin ya ga Hermia ya juya mata baya. Lysander ya tona wannan a gaban sarki tun farkon wasan, shi ma Demetrius ya amsa da bakinsa daga baya. Ni a sanina, wanda ya tarar da zuciya da mai ita ya ce sai ya kutsa, shi ake jefa wa wannan magana. Wadda aka yaudara kuwa, zalunci ne a ce mata tana son maso wani. In akwai wanda karin maganar ya hau kansa daram, Demetrius ne: yana da goyon bayan uba, yana da doka, amma Hermia ko kallo bai ishe ta ba.

Malam Ɗanladi:
Anti, kin kawo magana. Sai dai ban yarda gori kaɗai ake yi da ita ba. Uwa kan faɗa wa 'yarta a ɗaka, cikin lallashi, ta ce ki haƙura, wanda ya tafi ya tafi. Ko wa ya fara so, daga ranar da zuciyarsa ta koma wani wuri ya zama maso wani.

Bashir Kofar Mata:
Ni dai da za a tambaye ni, "so hana ganin laifi" ya fi dacewa da wasan nan. Sarauniyar aljanu Titania guda, ta farka ta ga masaƙi Bottom da kan jaki, ta hau shafa masa kumatu tana sa masa furanni, shi kuwa gogan naka ciyawa yake marmari.

Anti Rabi:
Wannan ma ruwan furen ne, ɗana, da aka warware ƙyamarsa ta ji. Malam Ɗanladi, in uwar Helena ta faɗa mata haka a ɗaka na yarda. Amma kar in ji uwar Demetrius ta faɗa.