Aikina a Doha, zan kai iyali Amurka: ta ina zan cika sharaɗin kuɗi na I-864?

Baban Ihsan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Fasfon Amurka gare ni amma a Doha nake aiki. An amince da I-130 (takardar neman ɗauko iyali) na maiɗakina, fayil ya koma NVC (cibiyar biza ta Amurka da ke tattara takardu kafin intabiyu), yanzu saura I-864, wato fom ɗin alkawarin ɗaukar nauyinta da kuɗi. Albashina ya kai kusan dala 48,000 a shekara, sai dai ranar da na ajiye aikin shi ke nan ya tsaya. Mu uku ne: ni, ita, da 'yarmu wadda ta riga ta samu fasfon Amurka. A banki ina da dala 41,000. Ba ni da gida ko haya a can. Shin in riga su tafiya in nemi aiki, ko in zauna in nemi garanto, ko ajiyar nan za ta wadatar?

Na Bronx:
Wa alaikumus salam. Mai 48,000 ai ya wuce layi da nisa. 25,550 ake nema wa mutum biyu. Tura kawai, Allah ya ba da sa'a.

Mai Lissafi:
Na Bronx, ka koma ka karanta tambayar. Su uku ne, yarinyar tana cikin ƙidaya ko da 'yar ƙasa ce. Lambar da ka kawo ta 2024 ce. Albashin Doha kuma ba ya shiga, domin kuɗin da ake dubawa shi ne wanda zai ci gaba da shigowa daga inda yake fitowa bayan an koma Amurka.

Baban Ihsan, buɗe I-864P, jadawalin kuɗin shigar da ake nema. Ana neman kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. A jadawalin 2025: mutum biyu 26,437, uku 33,312, huɗu 40,187. Na Alaska da Hawaii ya fi haka. Duk shekara ake sauya shi, don haka ka duba sabo ranar da za ka sa hannu. Wajen ƙidayar gida kada ka ƙirga matarka sau biyu. Fom ɗin yana da gurbin wadda ake ɗauka, yana da gurbin matar aure, mutane sai su sa 1 a kowanne, gidan mutum uku ya koma huɗu, su jawo wa kansu ƙarin kusan dala 7,000 a banza.

Batun ajiya: ana ninka giɓin da ke tsakanin kuɗin shigarka da abin da ake nema sau uku. Kai naka sifili ne, ke nan 33,312 sau uku, 99,936. Dubu 41 ba ta kai rabi ba.

Hajiya Maman Biyu:
Sau biyar ne ba uku ba. Haka aka lissafa wa ƙanena.

Mai Lissafi:
Hajiya, ƙanenki girin kad (katin izinin zama na dindindin) gare shi ko fasfo? In ɗan ƙasa ne ke ɗaukar matarsa, sau uku ne. In mai girin kad ne, ko ɗan ƙasa mai ɗaukar iyaye ko 'yan'uwa, sau biyar.

Hajiya Maman Biyu:
Girin kad ne lokacin. To na ji. Amma ku gaya masa ba kowace kadara ake karɓa ba. Sai wadda za a iya mayarwa kuɗi cikin shekara guda ba tare da babbar asara ba. Gida, ana cire bashin da ke kansa, kuma sai da takardar mai ƙiyasta farashi. Mota ba ta shiga sai in kana da fiye da ɗaya. Kadarar matar ma ana haɗawa. In kuɗin a wata ƙasa suke, sai ka nuna ana iya fitar da su. Kada kuma ka ranto ka zuba a asusu ana gobe za ka tura takardu, suna duban tarihin asusun na watanni, kuɗin da suka faɗo rana ɗaya sai an tambayi asalinsu.

Ɗan Tasi:
Ni ma ina neman garanto jama'a. Matar ce dai ban samu ba tukuna, amma gara in fara da mai wuyar.

Kawu Philly:
Ku yi ta dariya. Duk wanda ya ce maka ka nemi garanto, tambaye shi ko shi zai sa hannu. Yayana ya sa wa matar abokinsa hannu, don abokin albashinsa bai kai ba. Aka ce masa takarda ce kawai ta cika sharaɗi. Auren ya mutu, mijin ya tattara ya bar ƙasar, matar ta samu lauya ta kai yayana kotu. I-864 yarjejeniya ce da gwamnati, kuma wadda aka tsaya wa tana da ikon ta yi ƙara da kanta. Abin da kotu ta duba shi ne kuɗin da matar ke samu, da kashi 125 na mutum ɗaya, wanda a jadawalin 2025 ya kama 19,562, a cika mata giɓin. Babu ruwan kotu da wa ya yi laifi a auren. Ga kuɗin lauya a kai. Mutumin da ko shayi bai taɓa sha a gidansu ba.

Saki ba ya warware wannan nauyin, ku rubuta ku ajiye. Yana sauka ne in ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zangon aiki 40 a lissafin Social Security, wato kusan shekara goma, ko ta bar ƙasar ta rasa izinin zama, ko ɗayansu ya rasu. In kuma ta karɓi tallafin da ake ba masu ƙaramin ƙarfi, irin SNAP ko SSI, hukumar da ta bayar tana iya bin wanda ya sa hannu ya biya.

Na Bronx:
Subhanallahi. To ai sai a ce ta je ta nemi aiki.

Kawu Philly:
An faɗa. A 2012 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke Chicago ta yanke cewa ba dole ba ne sai wadda aka tsaya wa ta nuna ta nemi aiki kafin ta bi haƙƙinta. Ba duk kotuna ke tafiya a kan haka ba, amma wa zai sa gidansa a caca? Janye sa hannu kuma kafin a buga biza ne kawai. Ko gida ka sauya sai ka aika I-865 cikin kwana 30.

Anti Lauya Ba Lasisi:
Kawu, Allah ya mayar masa da alheri, amma bawan Allah nan ba tsaya wa wani zai yi ba, shi ke nema. Kuma irin wannan ƙarar ba kullum ake yin ta ba. Dubban mutane da garanto suka shigo lafiya.

Baban Ihsan, ga sharaɗin garanto: ɗan ƙasa ko mai girin kad, shekara 18 zuwa sama, mazauninsa a Amurka. Ba sai ɗan'uwa ba. Nasa I-864 zai cike daban, kuma shi kaɗai zai cika adadin gidansa haɗe da matarka. Ba a haɗa rabin naka da rabin nasa. In yana da mata da yara biyu, gidansa ya zama biyar da matarka. In takardar harajinsu ta haɗin gwiwa ce da matarsa, ya kawo W-2 ɗinsa, takardar albashin shekara da ma'aikata ke bayarwa, a ga nasa kason, in kuma sai an haɗa da albashinta zai kai, ita ma ta sa hannu a I-864A. Zai ba da shaidar zama ɗan ƙasa ko kwafin girin kad gaba da baya. Kai ma dole ka cike naka ko da sifili za ka rubuta.

Abin da ba wanda ya taɓo shi ne mazauni. Garanto yana cike giɓin kuɗi ne kawai. In ba ka nuna mazauninka Amurka ne ba, ko za ka kafa shi kafin ita ta shiga ko tare da ita, ko garanton miloniya ne sai an ba ku takardar 221(g), wato ba za a ba da biza ba sai kun cika abin da ya rage. Ka ce ba ka da gida ko haya. To fara tarawa: asusun banki na can da ka tura kuɗi ciki, yarjejeniyar haya ko wasiƙar wanda za ku sauka wurinsa, takardar tayin aiki, rajistar zaɓe, lasisin tuƙi mai rai, takardar ajiye aikin Doha mai kwanan wata, farashin jigilar kaya. Guda ɗaya ba ta isa, a haɗe suke magana.

Kawu Philly:
"Ba kullum ake yi ba." Sunanki ma ya faɗi gaskiya, ba lasisi. Mu da abin ya ci a gida mu ne ba mu sani ba?

Anti Lauya Ba Lasisi:
Duk abin da na rubuta yana cikin umarnin fom ɗin, kowa ya buɗe ya gani. Wahalar gidanku gaskiya ce, amma ba ita ce doka ba.

Hajiya Maman Biyu:
Ku bari don Allah. Wanda bai yi intabiyu a shekarun nan ba ya rage murya, abubuwa sun sauya.

Ɗan Tasi:
Hajiya ta kori kowa har da kanta.

Baban Ihsan:
Na gode ƙwarai. To in na samu takardar tayin aiki daga can, za ta tsaya a matsayin kuɗin shiga? Kuma nawa ya rage in biya?

Mai Lissafi:
Takardar tayi tana da ƙarfi wajen mazauni. Wajen kuɗi kuwa alkawari ce, jami'i ya fi son ya ga ka fara: wasiƙar ma'aikata da takardun albashi na 'yan watanni. A nan ne ajiyarka za ta yi rana. A ce ka je ka samu aikin 26,000. Giɓi 7,312, sau uku 21,936. Dubu 41 ta rufe har da saura, ba ka bukatar roƙon kowa. Kuɗin sallama ma da za a ba ka a Doha, mafi ƙaranci albashin mako uku a kan kowace shekarar aiki, in sun shiga asusu sun zama kadara.

Amma ka lura da wannan kafin ka yanki tikiti. In izinin zaman matarka a Katar a ƙarƙashin naka yake, ranar da aka soke naka nata ma ya kama hanya. Intabiyu kuma ana yin sa ne a ƙasar da mutum ke zaune ko ƙasarsa ta asali. Ke nan sai ta koma gida, a nemi a mayar da fayil wani ofishin jakadanci, a shiga wani layin. Fayil a NVC ba ya mutuwa muddin ba ka yi shekara guda ba ka tuntuɓe su ba, saboda haka kana da sararin tsara lokacin. Sannan amincewar NVC ba ita ce ƙarshe ba. Suna iya cewa takardu sun cika su rubuta maka cewa kuɗin bai kai ba, jami'in intabiyu ne mai yanke hukunci.

Na Bronx:
Kuɗi: 535 na I-130, 325 na biza, 220 na katin girin kad.

Hajiya Maman Biyu:
675 muka biya.

Mai Lissafi:
535 da 220 tsohon farashi ne. Daga 1 ga Afrilu 2024, I-130 ya koma 675 a takarda, 625 ta intanet, kuɗin kati kuma 235. Shi ai ya wuce I-130. Abin da ke gabansa: 325 na DS-260 (fom ɗin neman biza), 120 na duba I-864, sai 235 bayan an ba da biza. Gwajin lafiya farashinsa ya danganta da ƙasa, kuma kada a yi gaggawar yin sa, don wa'adin bizar yana bin ranar gwajin, galibi wata shida.

Malam Haraji:
Kuna ta lissafi ba wanda ya tambaye shi ko yana aika takardar haraji. Ɗan ƙasar Amurka ko a ina yake zaune dole ya aika wa IRS, hukumar harajin Amurka, ko da ba zai biya ko sisi ba. Mai aure da ke aikawa shi kaɗai, iyakar da ke wajabta masa dala 5 ce, biyar ɗin nan da kuka sani. I-864 yana neman ta shekarar ƙarshe, ko bayani a rubuce na dalilin da bai wajaba ba. "Ina ƙasar waje" ba dalili ba ne. Wanda ya yi shekaru bai aika ba bisa rashin sani, akwai tsarin sassauci: takardun shekara uku, da rahoton FBAR (na asusun banki na ƙasar waje) na shekara shida in asusunsa na waje sun taɓa haura 10,000 a haɗe. Mai dubu 41 ya haura tuni.

In an yi amfani da fom 2555 an cire albashin waje, jimillar kuɗin shiga a layi na 9 na fom ɗin haraji 1040 za ta fito sifili ko kusa. Wannan lambar za ka kwafa a I-864, ba 48,000 ba. Ka tura taƙaitaccen bayanin da IRS ke fitarwa, ya fi sauƙin karɓuwa a kan kwafin 1040.

Kawu Philly:
Yauwa, ku zo nan. Masu cike haraji na unguwa su ne rabin matsalar. Direba ya samu 60,000, a zabtare masa da mai da gyaran mota da waya har ya koma 14,000 don ya samu rarar kuɗi, yana murna. Ranar da zai ɗauko iyali sai a ce masa 14,000 ɗin ita ce kuɗin shigarsa.

Ɗan Tasi:
Kawu ka daina leƙa min fayil.

Hajiya Maman Biyu:
Wasu ma matar da ke ƙasar waje sai su rubuta mutum a matsayin gwauro, wai don ba ta da lambar Social Security. Sai a zo intabiyu, takardar aure ta ce aure, ta haraji ta ce babu.

Malam Haraji:
Wannan sai an gyara da 1040-X. Mai aure ne mai aikawa shi kaɗai, a gurbin lambarta a rubuta NRA, wato baƙuwar da ba mazauniyar Amurka ba. Amma kada ku ɗora mana laifin duka. Ku ne ke zuwa kuna cewa wane ya samo wa abokina dubu biyar, kai nawa za ka samo min. In an ƙi, ku tafi wani shagon.

Kawu Philly:
Wa ya san doka, mu ko ku? Kun karɓi kuɗin cikewa, in an zo gyara ku sake karɓa.

Malam Haraji:
Gyara aiki ne, Kawu. Kuma mai gyara ya mayar da 14,000 ta koma 40,000 ya shirya biyan harajin da ya kauce wa har da ruwa da tara.

Na Bronx:
Malam, in mutum ya gyara ta bara yanzu, sai ya jira IRS ta gama dubawa kafin ya tsaya wa wani, ko kwafin 1040-X ɗin ya isa? Ba ni ba ne, wani ne ya ce in tambaya.