Neman kalma: me za mu kira "pickup" na jitar lantarki?

Mai gyaran amfilifaya, Kano:
Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina rubuta wa yaran shagona bayanin yadda ake sauya wayoyin cikin jitar lantarki, sai na cije tun a kalmar farko. Abin nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, wanda Turawa ke kira pickup, me za mu ce masa? Kafin wani ya ce a-kori-kura, na riga shi, ba motar nake nufi ba.

Ga yadda yake, don mu san abin da muke raɗa wa suna. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya ƙwarai, zagaye wajen 8,000 a irin na jitar Stratocaster ta kamfanin Fender. In tsirkiyar ƙarfe ta girgiza a samansa, sai wata 'yar wuta ta taso a cikin naɗin, ta bi waya zuwa amfilifaya. Galibinsu ko batir ba sa buƙata. Tun jitar Rickenbacker ta farkon shekarun 1930 dabarar ke nan.

Makaɗin jita, Agadas:
Wa alaikumus salam, Maigida. Mu nan mikiro muke cewa, kamar yadda Faransawa ke kiransa. Mikiron wuya, mikiron tsakiya, kowa ya gane. Garin da jita ke raba dare a gidan biki ba ya rasa sunan kayan aikinsa. Me zai hana a bar shi haka?

Mai gyaran amfilifaya, Kano:
Ɗan'uwa, kun fi mu jita nesa ba kusa ba, wanda ya ji Bombino ko Mdou Moctar ba zai yi musu ba. Amma mikiro na ɓatar da ɗan koyo. Makirufo iska yake ji, shi kuwa wannan motsin ƙarfe kawai ya sani. Ɗaura wa jitar tsirkiyar roba ka kaɗa, tsit za ka ji. In ma ka yi magana kusa da shi muryarka ta fito a sifika, to ciwo ne, naɗin ya saki, sai an tsoma shi cikin narkakken kaki ya kama jikinsa. Yaron da ya ɗauka makirufo ne cewa zai yi lafiya lau.

Malamin Hausa, Zariya:
Na fara tunanin "kunne", na janye, tunda an ce ba ji yake ba. Daga "kama" kuwa makami za a samu, ba mu zo faɗa ba. Saura "ɗauka": maɗauki, jam'i maɗaukai, gini ɗaya da mabuɗi da mabuɗai. In ana tsoron ruɗu a ce maɗaukin amo sau ɗaya a farkon rubutu, daga nan maɗauki ya wadatar. Sannan Maigida, ina ganin kana cewa "birij" a wani wuri. Masu goge da garaya sun riga mu, abin da tsirkiya ke hawa jaki suke ce masa. Maɗaukin wuya, maɗaukin tsakiya, maɗaukin jaki.

Mai gyaran amfilifaya, Kano:
Allah ya gafarta Malam, maɗauki ya zauna. Jakin ma na karɓa, sai dai a kula, ramin da ake soka waya jak muke ce masa, kada yaro ya kwance wanda ba a aike shi ba.

Yanzu ga inda aikin yake. Maɗauki iri biyu ne. Akwai mai naɗi ɗaya, irin na Fender, muryarsa garau, amma yana kwaso ƙugin wutar gida. Namu ƙugin na bugu 50 ne a daƙiƙa, na Amurka 60, kuma wanda ya taɓa kafa kaya kusa da janareta ya san shi. Sai mai naɗi biyu, wanda injiniya Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson, ya hau jitar Les Paul a 1957. Naɗi biyun an saɓa musu hannu, maganaɗisunsu ma an saɓa, sai ƙugin ɗaya ya cinye na ɗayan, amon tsirkiya kuwa ya haɗu ya yi kauri. A shago gwauro da tagwai nake ce musu, yaran ba su taɓa tambayata me nake nufi ba.

Makaɗin jita, Agadas:
Gwauro mai yawan ƙorafi da dare, ai sunan ya dace! To sandar nan da muke turawa don zaɓen maɗauki fa? Makunni?

Mai gyaran amfilifaya, Kano:
A'a, ba ta kunna komai, zaɓe take yi. Stratocaster ta fito a 1954 da maɗaukai uku da sanda mai matsayi uku. Makaɗa suka gano in aka maƙale sandar tsakanin matsayi biyu, maɗaukai biyu na tashi tare, wata murya mai daɗi ta fito. Sai a 1977 Fender ta mayar da mai matsayi biyar ta zama ta ƙa'ida. Ni giya nake ce mata, giya ta biyu, giya ta huɗu.

Malamin Hausa, Zariya:
A baki babu laifi, karin sauti zai raba gardama. A takarda kuwa "sa masa giya ta huɗu" na iya kai mutum gaban Hisba. A rubuta mazaɓi.

Mai haɗa sola, Maraɗi:
Ku ba ni wuri in sa baki, don siris da faralal abincinmu ne. Batir biyu in ƙarshen wannan ya shiga farkon wancan, siris ke nan. In kai ya haɗu da kai, ƙafa da ƙafa, faralal. A jita ma haka ne?

Mai gyaran amfilifaya, Kano:
Haka ne daidai. Ɗauki gwauraye biyu, kowanne mita ta nuna 6k, wato ohm dubu shida a ma'aunin turjiyar waya ga wuta. A siris 12k za ka gani, sauti ya ƙara ƙarfi da kauri, kaifinsa ya ragu. A faralal 3k, sauti ya yi siriri ya washe. Giya ta biyu da ta huɗu a Stratocaster faralal ne. Tagwai kuma a cikinsa siris yake zuwa, shi ya sa ake neman mai wayoyi huɗu: da su za ka iya mayar da shi faralal, ko ka kwantar da naɗi ɗaya ya koma gwauro, ƙugi ya dawo abinsa. Ba sai ka huda jikin jita ba, akwai maɓallin murɗawa da ake ja sama a danna ƙasa, shi ke yin wannan aikin. Masu jitar Telecaster kuma sukan sa mazaɓi mai matsayi huɗu, na huɗun ya haɗa maɗaukan biyu a siris.

Malamin Hausa, Zariya:
Siris haɗin jere, ɗaya bayan ɗaya. Faralal haɗin sahu, kafaɗa da kafaɗa.

Mai haɗa sola, Maraɗi:
Malam, sun yi kyau, amma kasuwa ta riga ta haddace siris da faralal. Ba na jin za su motsa.

Mai gyaran amfilifaya, Kano:
Zan rubuta duka biyun, yaro ya ɗauki wanda ya zauna masa. Wanda ba ni da sunansa sam shi ne haɗi na uku. In ka juya wayoyin maɗauki ɗaya, ko maganaɗisunsa, wannan na turawa wancan na ja, sai kaurin sautin ya zube, a bar ka da murya ta hanci. Les Paul ɗin makaɗi Peter Green ta 1959 da wannan muryar ta yi suna. Makaɗi Brian May kuwa, a jitar da suka ƙera da mahaifinsa, kowane maɗauki cikin ukun yana da makunninsa da kuma abin juya shi, shida ke nan, kuma a jere aka haɗa su. Abin lura, ba a jin wannan sai maɗaukai biyu na aiki tare. Mutane da yawa na cewa giya ta biyu a Stratocaster haka take, alhali sahu ce kawai.

Malamin Hausa, Zariya:
Haɗin saɓani. Ka ce an saɓa su, ko sun dace.

Makaɗin jita, Agadas:
Saɓanin na ɗauka, zan gwada shi a bakin abokan kiɗa. Mikiro dai ba zan yi muku alkawarin barinsa ba. Maigida, tawa tagwai aka sa mata a wajen jaki amma muryar ta dushe, ina matsalar?

Mai gyaran amfilifaya, Kano:
Buɗe ka duba bayan maɓallin ƙara murya. In 250k aka rubuta, na gwauro ne aka bar maka. Nemi 500k a liƙa maka da dalma, sannan ka zo mu yi gardamar sunan shi maɓallin.