Wai da gaske wutar Band A ta fi wa mai ƙaramar sana'a sauƙi a kan janareta?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan sallar Isha'i na ji ana ta tsine wa Band A, rukunin da aka yi wa alkawarin wutar lantarki aƙalla awa ashirin a rana, a ƙofar masallaci, na ja bakina na yi shiru don wurin ba na gardama ba ne. To ga tawa a nan, mai jin haushi ya ji: ga mai ƙaramar sana'a, wutar Band A ta fi janareta sauƙi nesa ba kusa ba. Ku buga lissafi da kanku. Tun watan Yulin 2024 yunit ɗaya naira 209.5 ne, in an ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari ya kama wajen 225. Ƙaramin janareta kuwa, litar fetur in ta ba ka yunit biyu sai ka gode wa Allah. Da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, yunit ɗin janareta ya kai 500 ke nan, ba a sa baƙin mai ba, ba a sa filogi ba, ba a sa kuɗin makanike ba. Ina tsadar take?

Hajiya mai ƙanƙara: Wa'alaikumus salam. Injiniya, lissafinka a takarda ya yi kyau. Zo ka ga nawa a mita. Kafin 3 ga Afrilun 2024, lokacin yunit yana wajen naira 68, in na loda katin dubu goma ina samun yunit ɗari da talatin da wani abu. Washegarin da aka mai da shi 225 na zaci mitar ce ta haukace. Ragin da suka yi daga baya bai taka kara ya karya ba, yau dubu goman nan yunit 44 take ba ni. Firiza uku gare ni. Kwana nawa kake jin za su kai?

Injiniya: Hajiya, da janareta kike tayar da firizojin nan uku, da dubu goman ba ta kai ki la'asar ba.

Hajiya mai ƙanƙara: Ai nan ne ka yi kuskure, ɗan nan. Wa ya ce maka na sayar da janaretan? Yana nan a bayan ƙofa, da jarkar mai kusa da shi. Biyu nake biya. Ƙanƙara ba ta san "awa ashirin a jimlace" ba. In ruwa ya fara kamawa, gefen leda ya yi fari, tsakiya da sauran ruwa, aka ɗauke wuta awa uku da tsakar rana a watan Afrilu, to an koma farko. Ko na tayar da inji ko na yi asarar zubin gaba ɗaya, masu kura su zo da safe su tarar da ruwan sanyi. An ce mana mu gudu daga janareta, sai ga shi gudun gara muka yi muka faɗa gidan zago.

Mai walda: Allah ya saka miki da alheri Hajiya, kin faɗi rabi. Ga sauran rabin. Awa ashirin ɗin, a ina ake ƙirga ta? Ba a shagona ba. A can kan babban layin da suke kira fida ake aunawa. Taransifomarmu ta yi sati biyu a kwance, layin yana ɗauke da wuta, a takarda an ba mu awa ashirin kullum, mu kuwa ko kwan fitila bai kama ba. Da ta tashi, mu muka yi karo-karo muka tashe ta. Kuma ko ranar da komai ke lafiya, awa huɗun da ake ɗaukewa sai ta faɗo tsakanin hantsi da azahar, daidai lokacin da mai ƙofa yake tsaye a kaina. Wutar ƙarfe biyun dare me za ta yi mini? In kunna injin yankan ƙarfe maƙwabta su kira mini 'yan sanda?

Sakatare: Gyara kaɗan, Oga. Wannan karo-karon na taransifoma ba haƙƙinku ba ne. Hukumar NERC mai sa ido kan harkar lantarki ta ƙasa ta sha faɗa cewa gyara ko sayen taransifoma da turaku da wayoyi aikin kamfanin rarraba wuta ne. Sannan umarnin da ya zo da ƙarin farashin ya zo da sharuɗɗa. In layin Band A ya kasa cika awa ashirin kwana biyu a jere, dole kamfani ya wallafa dalili. In ya kai kwana bakwai a jere, a sauko da layin zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu. B awa 16 ne, C 12, D 8, E 4.

Mai walda: Sakatare, in na zauna jiran haƙƙi yarana biyar su ci me? Kai albashi kake jira, ni wuta nake jira.

Baba mai niƙa: Ni dai tun zamanin NEPA nake jin "doka ta ce". Injina na gas ne, ban haɗa shi da wutar kowa ba, barcina nake yi lafiya. Ku ci gaba, ina saurare.

Tela: Ni fa a nan ina bayan Injiniya, amma ba don dalilinsa ba. Kekunan ɗinki huɗu ne a shagona, manya na masana'anta. Tsohuwar motar da ke ƙarƙashinsu, mai kuloci, da zarar ka kunna ta tana ta juyi tana gurnani ko kana ɗinki ko kana yanka ko kana hira da kwastoma. Kuma kowa ya san tela ya fi ɓata lokaci a awo da yanka da jera ƙyalle a kan taka keke. Da farashi ya tashi na cire biyu na sa musu sabuwar mota da ake kira sabo (servo), wadda ba ta motsi sai ka taka. Shiru kamar babu kowa a shagon. Na sauke dogayen fitilun nan masu ƙyafta ido na sa kwan LED. Na tsaya a gaban mita na ga bambanci da idona. Yanzu abin da ke cinye mini yunit dutsen guga ne kawai, shi ma na hana yara barinsa a jone. Gaskiya da can da wuta ke da araha, mu ma ɓarna muke yi.

Hajiya mai ƙanƙara: A'a Malam, kar ka ɗauko mana waƙar ministan lantarkin nan. Adebayo Adelabu ne ya fito a watan da aka yi ƙarin yana cewa wai 'yan Najeriya barin firiza suke a kunne don wuta ba ta da tsada, har sai da ya dawo ya ba da haƙuri. To ni in kashe firizar in sayar da me? Iska?

Tela: Wallahi Hajiya ba ke nake nufi ba, Allah ya huci zuciyarki. Amma robar bakin murfin firizarki ta tsakiya, wadda kike danne wa da dutse, na gan ta ranar da na zo sayen zoɓo. Sanyi ta nan yake tserewa, injin kuma ba ya hutawa.

Hajiya mai ƙanƙara: To ka ga wannan gaskiya ce, ba zan musa ba. Kawo kuɗin sabuwa.

Injiniya: Haka ma Oga mai walda. Tsohon injin nan naka mai naɗin waya, wanda sai mutum biyu sun kama, shi ke sa fitilun layin nan dushewa in ka ɗosana. Na zamani mai inbata ka rataya shi a kafaɗa, cin wutarsa bai kai na tsohon ba.

Mai walda: Na san shi, na yi aiki da shi a wani gini. Yana da daɗin hannu. Amma ƙura da wutar da ke hawa da sauka suna ƙona masa allo, kuma in ya ƙone ba kowane mai gyara ke taɓa shi ba. Tsohona shekara goma sha, naɗi ɗaya aka taɓa sake masa. Kuma dai maganar Hajiya ce: da wane kuɗi? Duk wanda ya ce mu canja kayan aiki, ya nuna mana inda za mu karɓa mu riƙa biya a hankali.

Barista: Ku ba ni dama, iyayena da yayyena. Tun ɗazu ana ja a kan wanne ya fi sauƙi, ni kuma ina ganin Injiniya da Hajiya kowa na da gaskiya, don ba abu ɗaya suke aunawa ba. Shi yunit yake aunawa, ita kuɗin da take kashewa a wata. Abin da ya fi damuna shi ne ranar da ake yanka farashin, wa ya zauna a madadinku? Kafin 2020 takardar bil tana rarrabe gidan zama da shago da masana'anta. Da aka koma tsarin rukuni-rukuni, sai awannin layinka suka zama ma'auni. Yanzu mai cajin waya da ke da rumfa a bakin titin Band A, kuɗin yunit ɗinsa ɗaya da na gidan da ke da na'urar sanyaya ɗaki shida. Bai zaɓi layin ba, a nan ya tsinci kansa. An ce ƙarin ya shafi kashi 15 cikin ɗari ne kawai na masu amfani da wuta, kamar dai duk masu hali ne. Amma ina kasuwanni da manyan tituna suke? Ai a kan waɗannan layukan.

Manyan masana'antu suna da ƙungiyarsu ta MAN, ta ɗauki lauyoyi ta tafi kotu. 'Yan ƙwadago, NLC da TUC, sun je sun rufe ofisoshin hukumar da na kamfanoni a watan Mayun 2024. Tela da mai walda da mai aski fa? A majalisa suka yi tasu zanga-zangar, kan tabarma.

Kuma ba abin da ba a taɓa yi ba ne. A jihar Pensilbaniya ta Amurka, tun 1988 doka ta kafa ofishi guda wanda aikinsa kawai tsaya wa ƙananan 'yan kasuwa a gaban hukumar da ke yanka farashin wuta da gas da ruwa. A Kalifoniya kuma, ƙungiyar da ta shiga zaman hukumar ta kawo hujja mai amfani, ana iya mayar mata da kuɗin da ta kashe wa lauyoyi da masana. Dalili a fili yake: kamfani yana da ma'aikatan da wannan ne aikinsu, mai shago kuwa in ya je zama ya rufe shago.

Baba mai niƙa: Amurka kuma? Yarinya, dawo da mu gida.

Barista: Na dawo, Baba. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon kafa hukumarsu. Enugu ta karɓa, Ekiti da Ondo da Legas sun karɓa. A 2025 hukumar Enugu ta ba da umarnin sauko da Band A zuwa naira 160, aka yi ta rigima da ita a kan wa zai cike giɓin. Ko ta yi daidai ko ba ta yi ba, abin lura shi ne yanzu ana iya yanke maganar a babban birnin jiharka, ba sai Abuja ba. In an zo rubuta irin wannan doka a wurinmu, lokacin ne za a nemi a sa kujerar masu ƙananan sana'o'i a ciki. In an gama an sa hannu, ihu bayan hari ne.

Injiniya: Barista, na yarda da kujera. Ban yarda da a ware wa masu sana'a farashi mai rahusa ba. Ranar da aka yi haka, kowane gida a unguwar nan zai ajiye keken ɗinki a zaure ya ce shago ne. Kuma rahusar wani zai biya ta, ko gwamnati da bashi ko sauran jama'a. A rage wa mutum kuɗin sayen motar keken ɗinki ta sabo (servo) ko firiza mai tsimin wuta sau ɗaya, ya fi a riƙa rage masa kuɗin yunit har abada.

Mai cajin waya: Ni duk na fita daga wannan. Faranti biyu na sola da batir ɗaya, shike nan. A kasuwar Sabon Gari ta Kano ma shaguna da yawa sola aka ja musu, ƙarƙashin shirin REA, hukumar samar da lantarki a karkara.

Mai walda: Fitila da fanka da caja ke nan. Jona injina a farantinka mu ga.

Hajiya mai ƙanƙara: Injiniya, tambaya ɗaya. Oktoban 2024, da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan da ke biyowa ta Makurɗi shi ma ya faɗi, Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu. A lokacin wane rukuni muke? Wanda ya ji shawararka ya sayar da janareta, yaya ya yi?

Injiniya: Wannan kin kama ni, Hajiya. Ban ce a sayar ba dai. Amma na janye "nesa ba kusa ba". Yunit da yunit, ina nan kan bakana.

Sakatare: To tunda an sauko, ga abin da ke hannunmu. Ƙorafi yana da matakai: a rubuce zuwa sashen ƙorafi na kamfani, a karɓi shaidar an kai. In kwanakin aiki 15 suka wuce ba a warware ba, sai ofishin sauraron ƙorafi na NERC da suke kira Forum, daga nan sai hukumar kanta. Kuma tana cizo wani lokaci: a Afrilun 2024 ta ci tarar kamfanin rarraba wuta na Abuja naira miliyan 200 saboda ya caji waɗanda ba 'yan Band A ba da sabon farashi. Abin da ba mu da shi hujja ce. "Wallahi ba ma samun wuta" ba ya shiga fayil. A sayi littafi mai layi, shago uku a wurare daban-daban, a riƙa rubuta ƙarfe nawa aka ɗauke, ƙarfe nawa aka kawo, wata guda cur. Mu kai da sa hannun mutum hamsin.

Mai walda: Na dare wa zai rubuta? Ni takwas nake rufewa.

Hajiya mai ƙanƙara: Bar mini na dare. Ko ina barci, firiza ta yi shiru sai na farka.

Tela: Ni zan riƙe na rana, amma sai bayan Sallah. Yanzu ko sunana aka tambaye ni sai na duba littafin awo.

Sakatare: Bayan Sallah zafi ya wuce, kowa ya manta. Gobe za a fara. Oga, rasit ɗin karo-karon taransifoma yana wurinka?

Mai walda: Wane rasit? A leda aka tara kuɗin.