Mu huɗu ne, da me za mu fara kafa namu situdiyo?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Mu huɗu ne a nan Maraɗi: mawaƙa biyu, mai haɗa kiɗa a kwamfuta, da wani ƙanenmu da ya iya ɗaukar bidiyo da waya. Duk waƙar da muka fitar zuwa yanzu sai da muka bi ta Ɗan Isa da Jibiya muka je Kano, kuma kuɗin mota da na masauki kan zarce abin da muke biyan situdiyon kansa. Mun tara jaka 450, muna so mu tsaya da ƙafafunmu daga ɗaukar murya har fitar da bidiyo. Biyu daga cikinmu sun dage a kan kyamara, ni kuwa hankalina ya fi kwanciya da kayan sauti. Wanne ya kamata ya zo farko?

Tsohon mai situdiyo:
Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa wannan niyya albarka. Ku fara da sauti. A ƙasarmu waƙa tana yawo ne ta WhatsApp da Xender da wurin masu tura waƙoƙi a memori, kuma yawancin masu jin ta suna shago ne ko wurin biki, ba allo suke kallo ba. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai ƙarasa waƙar da murya take tsagewa a cikinta ba.

Abin da kuke buƙata shi ne katin sauti na waje mai shiga biyu (ƙaramin akwatin da ke shigar da murya daga makirfo zuwa kwamfuta), makirfo ɗaya mai kyau, da abin ji na kunne wanda ba ya zubar da ƙara. Makirfon kwandensa, wanda ke neman wutar bolt 48 daga katin, yana fito da zaƙin murya, sai dai yana kwaso komai har ƙarar fanka da kukan akuyar maƙwabta, saboda haka idan ɗakinku a bakin titi yake, makirfon dainamik, wanda ba ya kwaso ƙarar nesa sosai, ya fi muku. Kada ku ɓata lokaci wajen liƙa kwalin ƙwai a bango, domin ba ya tare hayaniya. Ku jingina katifa bayan mawaƙi, ku rataya barguna masu kauri, ku shimfiɗa darduma, amsa-kuwwar ɗakin za ta ragu sosai. Ku ɗauki murya a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse shi ba, a saitin kilohaz 48, ku bar MP3 sai lokacin rabawa.

Sai maganar wuta. Wutar Maraɗi ta layin Katsina take zuwa mana daga Najeriya, kuma duk wanda ke wannan sana'a bai manta halin da aka shiga ba da aka yanke ta a watan Agusta na 2023. Ku ware kuɗin faranti na sola da batiri tun yanzu, don rurin janareta yana shiga cikin murya ko da an ajiye shi a tsakar gida.

Mai ɗaukar hoton biki:
Na yarda da Malam. Wayar ƙanenku za ta isa idan ya saita ta a hoto 25 cikin daƙiƙa, domin wutarmu mai haz 50 ce, kuma da wannan saiti hasken ƙwan lantarki ba ya rawa a bidiyo. Ku yi ɗauka da hantsi ko bayan la'asar, bakin tafkin Madarunfa kaɗai ya isa ya ƙawata waƙa. Ku kunna waƙar da ƙarfi mawaƙi ya rera ta da gaske, in ba haka ba baki ba zai dace da murya ba. Wajen tace bidiyo kuwa, manhajar DaVinci Resolve tana da ta kyauta amma tana son kwamfuta mai ƙarfi. Idan taku ta gaza, CapCut zai yi aikin.

'Yar Tibiri:
Yayyena, ni ina da ja a kan cewa sai kun yi komai da kanku tun ranar farko. Daidaita murya da kiɗa aiki ne na kunnen da ya daɗe yana saurare, kuma tura fayil ga ƙwararre ta intanet ya fi tafiya Kano araha nesa ba kusa ba, ku kuwa kuna koyo daga abin da ya dawo muku da shi. Abin da ya fi damuna shi ne amana. Na ga ƙungiyar da ta watse saboda kwamfutar ta mutum ɗaya ce, da ya yi fushi ya tafi da ita da duk ayyukansu a ciki. Ku rubuta a takarda, gaban shaidu, abin da kowa ya zuba, da kason mai rubuta baiti da na mai kiɗa da na mai hoto, da wanda ke riƙe da kalmar sirrin shafinku na YouTube. Ku yi wa waƙoƙinku rajista a BNDA, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta Nijar, sannan kowane aiki a adana shi a wuri biyu, ɗaya a gidan wani daban cikinku.