Filasha ta biyu tana haske amma hoton duhu yake fitowa

Mai_Hoton_Suna: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sayi wata 'yar na'ura mai araha, irin wadda ake maƙala wa filasha, da ta ga hasken wata filashar sai ita ma ta buga. Na ɗora ta kan sanda a gefen ɗaki, ina tayar da ita da ƙaramar filashar Nikon D3200 ɗina. Da idona nake ganin tana haske, amma a hoto ko alamarta babu. Jiya a wajen suna har mai jego ta tambaye ni ko an ɗauke wuta ne. Ina matsalar take?

Tsohon_Hannu: Wa alaikumus salam ƙanena. Na'urarka lafiyarta ƙalau. In filasha tana kan TTL, wato saitin da kyamara ke auna haske da kanta, sau biyu take bugawa: ɗan haske na awo tukuna, sannan na ainihi. Tazarar ta yi ƙanƙanta, ido haske ɗaya yake gani. Taka kuwa na farkon take bi, kafin kyamara ta buɗe ta riga ta zubar da haskenta. Shiga saiti ka mayar da filashar kyamarar ta hannu, ka rage ƙarfinta zuwa 1/32 don ta zama mai tayarwa kawai. Ka kashe na hana jan ido ma.

Hajiyar_Kyamara: In kuɗi ya samu, nemi filashar Yongnuo YN560 ko Godox TT600. Suna da saitin S2, wanda ke ƙyale hasken awon. Amma a taro duk mai hoton da ya buga tasa, taka ma za ta tashi, batir ya tafi a banza. A tsakar rana kuma sai ta ga dama. Ni dai na koma na'urar da ke tayar da filasha ta rediyo, ba ta haske ba.

Mai_Hoton_Suna: Na gwada yanzu, Yaya, ta kama! Allah ya saka da alheri. Hajiya, ta rediyon sai bayan Sallah.