Ƙanena na shan tiramol da kodin: a kulle shi a ɗaki ko a kai shi asibiti?

Yayar Samari, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Ƙanena ɗan shekara 23 ne, yana jan Keke Napep. Ya daɗe yana shan tiramol da kodin, wani lokaci har da roci, ƙwayar nan ta sa barci. Yanzu da bakinsa ya ce yana so ya daina. Kawunmu ya ce a kulle shi a ɗaki mako biyu har abin ya fita daga jininsa, wasu kuma sun ce gidan mari. Don Allah masu sani, wanne ya dace?

Nas ɗin Kakuri:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba shi lafiya. Kada a kulle shi. Rocin nan da kika ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ne babban dalili.

Kodin da tiramol dangi ɗaya ne. Idan aka yanke su, cikin awa 12 zuwa 24 mutum zai fara hamma, majina, gumi, ciwon gaɓoɓi, amai da gudawa, barci ya ƙaurace masa. Abin ya fi tsanani a kwana na biyu da na uku, ya lafa cikin mako guda zuwa kwana goma. Azaba ce, amma ba kasafai take kisa ba, sai in amai da gudawa sun ƙarar da ruwan jiki. Tiramol na da nasa ƙarin, domin yana taɓa sinadaran ƙwaƙwalwa irin waɗanda maganin ciwon damuwa ke taɓawa. Shi ya sa wasu ke shiga fargaba da ruɗewa, har su riƙa ganin abin da babu.

Roci, diazepam da giya kuwa, yanke su farat ɗaya na iya kisa. Wanda ya saba da su kullum zai iya faɗuwa yana jijjiga kamar mai farfaɗiya. A giya, rawar hannu na farawa awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga a kwana biyun farko, sai ruɗewa mai tsanani da zazzaɓi tsakanin kwana na biyu da na huɗu. Na roci yakan yi jinkiri, sai an ɗauka an tsallake sannan ya zo. Wanda ke bayan ƙofa a kulle, wa zai gan shi lokacin?

Ki zauna da shi ba faɗa, ki rubuta abin da yake sha, guda nawa a rana, miligiram nawa, ko ya taɓa jijjiga, ko yana allura irin fenta (allurar kashe ciwo, pentazocine). Ku tafi da takardar Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko sashen masu taɓin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa na ABU da ke Shika kusa da Zariya. Za a gwada fitsari, a duba hanta da ƙoda, in yana allura a ƙara da gwajin HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Rocin a hankali ake janye shi cikin makonni, sauran kuma a ba shi ruwa da maganin amai, gudawa da ciwon jiki.

Mai Kemis, Kawo:
Nas ta gama magana, sai dai in ƙara batun lissafi. Tiramol ɗin da likita ke rubutawa 50 ne ko 100, kuma iyakarsa a rana miligiram 400. Wanda ake sayarwa a tashoshi 200 ne ko 225, ka ga guda biyu na 225 sun riga sun wuce iyaka, alhali akwai masu haɗiye huɗu da safe. Daga nan jijjiga ke zuwa ko mutum bai taɓa farfaɗiya ba. Kodin kuma tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana haɗa maganin tari mai ɗauke da shi da shigo da shi, saboda haka na bayan fage ba ka da tabbacin abin da ke cikin kwalbar.

Hajiya, ga abin da kowa a gidan ya kamata ya sani. In an same shi yana munshari ba ya farkawa, numfashi na fita da ƙyar, ƙwayar ido ta ƙanƙance, leɓe ya yi duhu, to maganin ya yi masa yawa. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti, a faɗi abin da ya sha don a yi masa allurar naloxone mai karya ƙarfin kodin da tiramol. Kada a ɗura masa madara ko manja, cikin huhu za su tafi. Kuma haɗarin ya fi yawa bayan ya daina: jikin ya manta sabo, in ya koma kan adadin da, shi ke nan.

Malam Mai Nasiha, Rigasa:
Gidan mari kam a bar shi. A nan Rigasa a watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga irin wannan gida, wasu da mari a ƙafa da tabon duka. Sarƙa na hana hannu kaiwa ga ƙwaya, amma ba ta taɓa dalilin shan. Addu'a da ruƙiya ba su hana asibiti, a haɗa su.

Wanke jini na 'yan makonni ne, sha'awar kuwa takan yi watanni tana dawowa. Don haka a tambaya, me ya kai shi? Masu keke da 'yan dako da yawa don ƙarfin aiki suka fara, daga asuba har dare ga balas na jira. Wasu don rashin barci ko damuwa, wasu abokai. In ya koma tasha ɗaya, da abokai ɗaya, da awa ɗaya na aiki, zai koma. A sauya masa tasha, a rage awannin, ya sauya layin waya, wani amintacce ya riƙe masa kuɗin ciniki na 'yan watanni, kuma kada ya fasa ranar ganin likita ko da ya ji garau. In ya zame ya sha, a mayar da shi asibiti a ranar, ban da gori. A daina kiransa ɗan ƙwaya a gida. Binciken da aka yi da hukumar UNODC ta Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 ne suka yi ta'ammali da kayan maye a Najeriya cikin shekara guda, ba gidanku kaɗai ba ne.

Yayar Samari, Tudun Wada:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Dole ne sai an kwantar da shi? Kuɗin ne abin ji.

Nas ɗin Kakuri:
Ba dole ba ne. In bai taɓa jijjiga ba, ba ya gane-gane, ba ya maganar kashe kansa, kuma akwai mai kula da shi dare da rana, likita na iya barinsa ya riƙa zuwa daga gida. Amma likitan ne zai yanke, ba kawu ba. Kafin ku je kada ya yanke rocin da kansa, kada ya ƙara, kuma ya ajiye keken tukuna.